Tsamiyar Ƙarshe ta Kurmin Lallaɓa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba tabarma, ya kafa sama ba ginshiƙi, ya ɓoye wuta a cikin ɗanyen icce, ya ɓoye ruwa a cikin busasshen dutse. Ku matso, ku gyara zama. Wanda ya zo da gyaɗa ya miƙo. Wanda ya zo da gardama ya ajiye ta can tare da takalminsa, zai same ta in an tashi.

Ni ne Nomau ɗan Ayashe, mutumin Kurmin Lallaɓa ta ƙasar Baraizu, bayan Kogin Kanwa, inda rana kan tsaya ta kurkure baki kafin ta faɗi. Na san cikinku akwai masu cewa Nomau yana ƙara wa zance gishiri. Ban musa ba. Amma yau ɗan kaɗan zan barbaɗa, don labarin da ɗanɗanonsa ya zo.

Ku da kuka tashi yanzu ba ku san garinmu na da ba. A zamanin kakana, biri kan taso daga ƙofar gabas ya fita ta ƙofar yamma bai taka ƙasa ba. Maɗaci ne, ɗorawa ce, kanya ce, gawo ne, kowace ta dafa kafaɗar 'yar'uwarta. Yaro kan kai shekarun kaciya bai ga rana ɗungurungum ba, sai dai gutsattsarinta a ƙasa.

Mu kuwa ba butulai ba ne. Kakanni sun bar mana al'ada cewa bishiya ba ta mutuwa a wulaƙance. In an sare ta, ko iska ta kayar da ita, sai a yi mata zaman makoki kamar dattijuwa. A shimfiɗa tabarmi, Sarkin Makoki ya miƙe ya jero alherinta, wanda ya ci 'ya'yanta, wanda ya yi zance a gindinta, wanda ya faɗo daga kanta Allah ya kiyaye. Mata su ɗora manyan tukwane, a tuƙa tuwon da zai ishi gari da maƙwabta. A yi na uku, a yi na bakwai, a yi na arba'in. Malamai sun yi wa'azi har muryarsu ta dishe cewa abin nan ba shi da tushe, amma in an sauke tuwo su ma ba su cika yin nisa ba.

Abin da ba wanda ya zauna ya duba shi ne, tuwon makokin bishiya ɗaya kan cinye iccen bishiya biyu. Su kuma biyun nan 'yan gari ne, ba za a yi musu rowar makoki ba. Haka muka yi ta yi. Hayaƙi ya zauna a kan garin kamar bargo, har ba ka hangen abin da ke bayan ganuwa. Kuka kuwa, kada ku tambaya. Da an fara jero alheri sai hawaye su ɓalle wa babba da yaro. Fatake kan ce duk yawonsu ba su taɓa ganin masu taushin zuciya irinmu ba, mu kuma mu sunkuyar da jajayen idanunmu mu ce ai halin gado ne.

Masu saran icce suka riƙa dawowa da labarin sun yi nisa ba su samu ba. Muka ce kurmi ya ɗan matsa gaba ne. A ƙarshe bishiya biyu suka rage mana, wani tsohon maɗaci da tsamiyar bakin kasuwa.

Tsamiyar nan a gindinta aka binne cibiyata. A nan mahaifiyata Ayashe, Allah ya jiƙanta, take ajiye tukunyar kununta kowace safiya, ta miƙa hannu sama ta tsinko abin da za ta jiƙa na gobe. A kan saiwarta na zauna na shirya ƙaryata ta farko, aka kuwa yarda. Mutum ba ya manta irin wannan wuri.

Sai maɗacin ya faɗi. Aka yi na uku da rassansa, aka yi na bakwai da gangar jikinsa har da ƙofofin wasu marasa galihu. Da aka zo shirin na arba'in, ba ko tsinke. Baba Tunau, Sarkin Makoki, tsoho mai murya kamar ana jan turmi a kan dutse, ya ɗaga kai ya dubi tsamiya. Kowa ya bi idonsa da kallo.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, in na kawo wutar da ba ta cin icce fa?"

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Baba Tunau ya ce, "Nomau, tun kana tsumma kake kawo mana abin da babu." Amma Gwaggo Ladingo, yayar ubana, wadda ita ce uwar tuwon makoki, ta goge idonta da gefen zane ta tuna masa cewa al'ada ta hana a sa wa bishiya gatari tana ɗauke da 'ya'ya, ga tsamiya kuwa ta yi lodi. Tsohon ya ce a ɗage arba'in ɗin, amma ranar da silin ƙarshe ya faɗo, gatari zai hau.

Na ɗaura ɗamara na fita, ba ni da masaniyar inda ake sayar da irin wannan wuta.

Na ƙetare Kogin Kanwa, na ratsa jejin da ƙaya ke bin mutum tana roƙon ya taka ta, har na hango wani gari yana walƙiya kamar an zubar da taurari a faranti. Birnin Madubai ke nan. Masanansu ba mai gira ko ɗaya, kuma gwargwadon ƙunar gemun mutum gwargwadon girmansa. Babbansu, Shehi Bagudu, fuskarsa sumul kamar ƙwai. Ya kai ni wani fili inda suka girke wani ƙaton faranti da aka liƙe da gutsattsarin madubi, yana tattara rana ya tsiyaye ta a gindin tukunya. Kafin in gama gaishe shi, rago ya nuna.

Na ce lallai tafiyata ta ƙare. Sai na tambaya, in hadari ya haɗo fa, ko in baƙin makoki sun iso da almuru? Shehi ya shafa inda gemunsa yake a da, ya ce suna kan bincike. Ashe su da azahar suke cin tuwon dare, da damina kuwa ƙanzo suke jiƙawa su haɗa da haƙuri.

Na yi godiya zan wuce, sai hulata ta faɗi. Masanan nan suka ga sanƙona ya ɗauki rana ya mayar, suka dubi juna. Su mutane ne da ba su yarda da komai sai sun gwada, kuma sun fi son gwadawa a kan baƙo. Suka shafe mini kai da man gyaɗa, suka zaunar da ni a jerin madubai, suka rataye ƙwai a gabana, ana aunawa ana gyara mini wuya. Na yi kwanaki a haka. Ƙwan bai dahu ba, ni ne na kusa.

Abin da ya fisshe ni, komai na garin da rana yake aiki, har ƙofar birni. Kuma doka ce a wurinsu ba a aiki a inuwa. Wata rana ƙofa ta fara buɗewa don jakunan da ke kawo yashi, sai ga wani ɗan gajimare kamar tafin hannu ya tare rana. Ƙofa ta tsaya a rabi. Masu gadi suka kwanta nan inda suke, suka rufe ido. Na tsallake su ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri, na saka hulata, ban sake cire ta ba sai da na yi nisa.

Daga nan na hau Tsaunin Fito, inda iska ba ta taɓa hutawa ba tun da aka halicce ta. Mutanen wurin duk a karkace suke tafiya, har jariransu a karkace ake haifarsu, kuma ko sirri da ihu suke yinsa. Sun kafa waɗansu fankoki da suka fi giginya tsawo, iska na juya su, suna kaɗa walƙiya kamar yadda mata ke kaɗa zare, ana ɗura ta a tulunan darma. Da tulu ɗaya sai a dafa wa gari abinci. Mutanen kirki ne, suka ba ni ɗaya kyauta. Na samo raƙumi na ɗora masa, ya durƙusa. Na kawo na biyu don su yi taimakekeniya, ya dubi tulun, ya dube ni, ya durƙusa kusa da ɗan'uwansa. Na ce to su ba ni iskar in tafi da ita. Suka cika mini riga taf, amma kafin in kai gindin dutse ta sulale ta koma gida.

Wata tsohuwa mai gyaran fankoki ta same ni zaune na yi tagumi. Ta kwarma mini tambaya a kunne, wai me garinmu yake da shi har ya yi yawa. Na yi tunani na ce makoki. Ta ce ban da shi. Na ce to sai kashin dabbobi, don tun da inuwa ta ƙare, shanu da awaki a ƙofar gidajenmu suke wuni. Ta nuna mini wani kwari can ƙasa da haɓarta, ta koma kan aikinta.

Kwarin Nagge hancina ne ya fara isa, ƙafafuna suka biyo baya ba da son ransu ba. A can na sami Malama Daso, doguwar mace mai hannun riga a naɗe, tana zagaya waɗansu ramuka da ta jera, kowanne an rufe shi da murfin yumɓu kamar an kife ƙwarya, da bututun gora ya fito daga kansa. Ta kai ni madafarta, ta murɗa wani ɗan toshi, ta ƙyasta. Sai ga wuta shuɗiya kamar an rina ta a marina, ba icce, ba toka, ba hayaƙi. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin murhun ko ta ɓoye gawayi.

Ta ce ba tsafi ba ne. Ramin nan tumbin saniya ne da aka fitar daga cikin saniya. A dama kashin shanu da ruwa a ba shi, a rufe shi ruf, ya yi ɗumi, sai ya riƙa gyatsa. Gyatsar ce ke ci da wuta. Abin da ya rage kuma taki ne da gona ke rawa in ta gan shi.

Na ce ta faɗa mini sirrin in kama hanya. Ta miƙo mini muciya mai tsawon mutum.

Ita ka'idarta, ba ta gaya wa kowa amsa, kuma a kowane rami abu ɗaya tak ake canzawa, don in ya lalace a san mai laifi. Ramina na farko na ɗura masa abinci kamar ɗan gata, ya yi tsami ya ɗauke numfashi. Na biyu na zuba masa ruwan wanki mai sabulu, ya mutu ko shurawa bai yi ba. Na uku ya kama gyatsa, sai dai na bar tsaga a murfin, na kuma je dubawa da fitila a hannu. Da na farfaɗo a kan rufin bukkarta, Malama Daso ta ɗago kai daga ƙasa ta ce, "Wannan ya yi, Nomau. Saura toshiya." Ta ƙara da cewa kada in damu da rufin, ita ma ta nan ta fara.

Duk da haka ba ta sallame ni ba. Ta ce tunda garinmu awaki da jakuna sun fi shanu yawa, sai mun gwada nasu mun ga ruwan da suke so. Muna cikin wannan na ga wata tsamiyar kwarin ta zubar da 'ya'yanta saura kaɗan. Muciya ta faɗi daga hannuna. Na ba ta labarin tawa tsamiyar. Sai ta cika mini gora da tsohon damu daga raminta mafi ƙarfi, ta ce shi ne iri, kamar yadda ake ɗiga tsohon nono a sabuwar madara. Da yake sabon rami kan ɗau lokaci kafin ya fara, ta sa aka ɗinke fatun bijimai aka ɗura musu gyatsar, don girkin farko.

Ta ce in ɗauki kaɗan. Ni kuwa ɗan Kurmin Lallaɓa ne, na san cikin mutanenmu. Na ɗaura duk abin da igiya ta iya riƙewa a ƙuguna. Ina cikin yi mata sallama na ga tana ƙanƙancewa. Ashe ni ne na tashi.

Iskar Tsaunin Fito ta karɓe ni kamar tsohon aboki ta tura ni yamma. Na bi ta kan Birnin Madubai, na ji masanan suna kiran a kawo ƙwai. Wata mikiya ta sauka a kan fata ɗaya, ta shaƙa, ta dube ni da ido ɗaya, ta tafi ba sallama. Da na hango bargon hayaƙinmu na riƙa sassauta bakin fatun ɗaya ɗaya, har na dira a kan jujin bayan kasuwa da gorata a rungume.

Tsamiya tana nan tsaye. Ba ɗa ko ɗaya a jikinta sai sili guda can a wani reshe, busasshe, baƙi ƙirin. Gwaggo Ladingo ta ja ni gefe tana tari, ta ce tun kaka ya faɗo, ita ta hau da tsani ta ɗaure shi da zare. Na duba, farin zare ne fat, ana hango shi daga rumfar mahauta. Ta ce kullum da safe Baba Tunau kan zo ya ɗaga kai, ya ce idonsa ya yi rauni, ya wuce.

Aka sa ranar arba'in ɗin maɗaci. A al'adarmu, ranar makoki ba a hura wuta a kowane gida sai ta makokin. Na haɗa bututu da fatun da suka rage, na murɗa, na ƙyasta. Shuɗiyar wuta ta kama gindin tukwane, mata suka ja da baya suna salati, sannan suka matso. Tuwo ya tuƙu, miya ta yi. Na zauna ina karɓar gaisuwa da ido.

Baba Tunau ya miƙe ya fara jero alherin maɗaci. Ya kai inda aka saba ɓarkewa da kuka. Shiru. Ya maimaita, ya ƙara jan murya. Mutane suka runtse ido suna matsawa, wani ya tuno uwarsa, wani ya mintsini cinyarsa. Ko ɗigo. Aka rasa mai iya duban ɗan'uwansa. Shekara da shekaru muna karɓar yabon fatake, ashe hayaƙi ne ke yi mana aikin.

Kunya ta juye ta zama fushi. Baba Tunau ya ce tuwon da bai sa hawaye ba, ba tuwon makoki ba ne, maɗaci bai samu haƙƙinsa ba. Ya ce, "Zaren nan ma na gan shi tun kaka, Ladingo. A kawo gatari."

Aka kawo. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, ranar harshena ya kwanta kamar masu gadin Birnin Madubai.

La'asar ta yi a lokacin. Tun safe ba a hura icce ko kara a garin ba, bargon nan ya yaye ba wanda ya lura. Gwaggo Ladingo ta miƙe daga bakin tukunya, ta kai gefen zane za ta goge ido kamar kullum, ta tarar ba abin gogewa. Ta tsaya tana kallon can bayan ganuwa. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Tunau, wace ƙasa ce waccan?"

Muka juya. Fili ne fetal har inda sama ta taɓa ƙasa, ja, tsirara, da kututture a jere kamar kawunan mutanen da suka zo makoki aka manta a sallame su. Kurmin bai matsa ko'ina ba.

Baba Tunau ya taka a hankali ya hau ganuwa, muka bi shi. Ya nuna wani kututture ya ce kanyar Magajiya ce, shi ya yi mata jawabi. Ya nuna wani ya ce ɗorawar da ya fara ganin matarsa a gindinta ce. Ya san su duka, ɗaya bayan ɗaya, don duk ta bakinsa suka wuce. A wajen na goma ko fiye muryar turmin nan ta karye. Kukan da aka yi ranar ba irin wanda muka saba ba ne. Ba ihu, ba jan majina don maƙwabci ya ji. Mai gatari ya jingine gatarinsa a ganuwa, har yau ba wanda ya ce ya ga wanda ya ɗauke shi.

Da aka sauko, tsohon ya zauna a gindin tsamiya ya ce shi abin da ke damunsa, in ba makoki, yaushe gari zai sake zama a ci daga akushi ɗaya? Gwaggo ta sa aka kawo tsani, ta hau da kanta ta tsinke zaren, ta ɓare silin, ta zuba ƙwayoyin a tafin hannunsa. Ta ce, "Ka gaji da binnewa, Tunau. In sun tsiro, kwana bakwai, ka zo ka raɗa musu suna. Tuwon ina nan."

Haka Sarkin Makoki ya koma Sarkin Suna. Muka haƙa ramuka, na ɗiga musu irin Malama Daso, biyu suka yi tsami, ɗaya ya kai wani maƙwabcina kan rufi, sauran suka kama. Takin da ke fita muka riƙa kai wa jariran. Aka aika fatake su zo da ƙwayar maɗaci da ɗorawa da kanya. Yanzu sunan ya yi yawa har dabbobi ba sa iya biyan bukata, ana bin akuya da kwando ana lallashinta. Ni ma an sa wa wani ɗan gawo sunana, don girmamawa. Akuya ta cinye shi a sati na biyu. Ban yi fushi ba, na san inda ya ƙare, kuma na ci tuwon da aka dafa da shi.

Gwaggo Ladingo ta rasu da idonta fari tas. Tsamiyar kuwa, ita ce wannan da kuke zubar da ɓawon gyaɗa a gindinta.

Sai dai zan gaya muku abin da ban gaya wa Malama Daso ba. Tuwon yanzu yana da tsabta, amma ba ya ƙamshin komai sai tuwo. Kunun Ayashe da ɗan ƙaurin hayaƙi yake zuwa. Shi ya sa wani lokaci, in iska ta karyo ɗan busasshen tsinke daga saman nan, nakan tsince shi in kai gida, in kunna bakinsa, in riƙe shi kusa da fuska. In kun shigo kun tarar idona ya yi ja, to hayaƙi ne.

Ku tashi haka nan. Ga takalmanku can, ga gardamarku a kusa da su, kowa ya duba kada ya ɗauki ta wani.